Ga Su Nan

Kaura Namoda,
Litinin, 27 ga Safar

Zuwa ga Gwaggo Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Muhsina da sauran mutanen gida. Yaya ƙafar? Yari direba ya ce mini har yanzu da sanda kike zuwa makaranta. Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wane Halilu kuma. Halilu ne na Abdulhamid, jikan Idi na Gurbin Bore, wan mahaifinki. Rabonmu da juna shekara goma sha ɗaya, tun wani suna a Kasuwar Daji, ranar da kika ce kunnuwana sun riga ni girma. Da waya na tafiya da na kira, to tun da aka yanke sabis kowa ya koma biro da takarda.

Duk shekarun nan ina Abuja, ina aiki a wani babban filin wasan yara. Wata uku ke nan da dawowata. Alhaji Nasidi ya buɗe irinsa a nan bayan gari, da lilo da ƙaramin jirgin ƙasa mai zagaye, ya ɗora ni a kan kula da jama'a. Bana zagayen Maulidi a filinmu zai ƙare, ranar goma sha biyu ga wata. Makarantun Islamiyya ashirin da uku za su shigo ɗaya bayan ɗaya, jirgin yara a gaba, iyaye a gefe biyu suna kallo. Ina so makarantarki ta Zurmi ta zama ta ashirin da huɗu.

Kada ki ji komai game da cunkoso, aikina ke nan. Na shata hanya da shingen ƙarfe. Ina da 'yan agaji talatin, kowa da usur. Ƙofa biyu ce, ta gaba ta shiga, ta baya ta fita, wadda ke kallon gonar dawa. Na kuma samo mai sanarwa, Abdulrashid, muryarsa ko ba lasifika tana kai wa tasha. Duk makarantar da ta kunno kai zai ɗaga murya ya ce, "Ga su nan! Ga su nan, 'yan makarantar kaza!" jama'a su ɗauki kabbara. Haka muke yi a can Abuja, kuma abin yana ƙayatarwa.

Ki ba Yari amsa.

Ɗanki,
Halilu

*

Zurmi,
Juma'a, 1 ga Rabi'ul Awwal

Halilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, sai in hadari ya taso take tuna mini da kanta. Na gane ka sarai. Ina fatan ka kamo kunnuwan.

Na karanta wa yaran takardarka, ajin ya hargitse. Yawancinsu 'ya'yan mutanen da aka tasa daga ƙauyuka ne, rabonsu da ganin abin murna an kwana biyu, ba ni da zuciyar hana su. 'Yan mata talatin da takwas za su zo. Ni ƙafata ba ta iya taro, Muhsina ce za ta kawo su. Ita kaɗai gare ni, ka sani, kuma kowace yarinya a cikinsu uwarta hannu da hannu ta ba ni ita.

Yari na ta danna ham a ƙofar gida, ba zai bar ni in tsawaita ba. Abu ɗaya nake tsoro, Halilu: ga su nan. Ka yi wa wannan shiri tun yanzu, kada ka bari sai ranar. Ka daɗe ba ka gida, ƙasar ba yadda ka bar ta take ba.

Gwaggonka,
Saude

*

Kaura Namoda,
Litinin, 4 ga Rabi'ul Awwal

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya. Ni dai tun da na karanta layin ƙarshe na takardarki abinci bai yi mini daɗi ba.

Na gane abin da kike nufi, kuma na gane dalilin da ya sa ba ki ambaci sunansu ba. Takarda tana bin hannu da yawa. Ku a Zurmi kun fi mu jin motsin mutanen daji, in kin ce ga su nan, to ba zan tsaya tambayar wa ya faɗa miki ba.

A ranar na je wurin Alhaji Nasidi. Ban faɗi sunanki ba, na ce wata majiya ce da ba ta ƙarya. Da farko ya so a fasa, sai shugabannin makarantu suka ce an riga an ɗinka wa yara kaya, an sanar a masallatai. Aka tsaya a kan a ƙara tsaro. Ga abin da muka yi.

Ƙofar baya mun rufe ta. Dawar da ke bayanta ta fi mutum tsawo, ko mutum hamsin suka kwanta a ciki ba mai gani. Ni da hannuna na zagaya mata sarƙa na danna kwaɗo, makullin yana aljihun Alhaji, ya rantse ba zai fito ba sai an watse. Shiga da fita duk ta ƙofar gaba ke nan. Ita ma mun rage mata faɗi da shinge, mutum bibbiyu za su riƙa wucewa, a caje kowa. Katangar kuma an ƙara mata waya mai ƙaya.

Gaskiya a aikinmu ba a son taro mai ƙofa ɗaya, wannan shi ne karatun farko da aka koya mini. Amma can Abuja ba su san irin namu ba. Yanzu filin nan ko akuya ba ta shiga sai da izinina.

Ki kwantar da hankalinki, ki kuma faɗa mini in kin ƙara jin wani abu.

Halilu

*

Zurmi,
Laraba, 6 ga Rabi'ul Awwal

Halilu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Lafiyarmu ƙalau, gaisuwar ke nan, ba ni da natsuwar wadda ta fi haka.

Wa ya ce maka suna zuwa? Ni ban ji motsin kowa ba! Kalmar nake nufi, kalmar da ka ce mai lasifikarka zai riƙa faɗa. Laifina ne, na rubuta a gaggauce kamar wadda ake kora, na ɗauka duk ɗan ƙasar nan zai gane. Na manta kai baƙo ne yanzu.

Bari in faɗa maka abin da ba na son faɗa. Ka tambayi ƙafata, ba ka tambayi abin da ya same ta ba. Shekara biyu da suka wuce na je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ni da ƙawata Lauratu, za mu sayo mata kayan ɗaki na 'yarta. Muna layin masu tabarmi sai wani mai rake ya hango motocin da yake jira tun safe. Don murna ya ɗaga hannu ya ce, "Ga su nan!" Iyakar abin da ya ce ke nan. Ba a harba komai ba, ba wanda ya ga kowa. Kasuwa ta tashi gaba ɗaya. Kowa ya nufi lungu ɗaya, tsakanin rumfuna biyu, inda jaki da kaya ma da ƙyar yake wucewa. Na faɗi, aka bi ta kaina. Lauratu tana riƙe da gyalena, sai na ji ta saki. Ni na tashi da ƙafa a karye, ita ba ta tashi ba.

Tun daga nan a garin nan ba mai faɗin kalmar a cikin mutane. In baƙi sun iso sai a ce sun sauka. In yara sun taso daga makaranta sai a ce an tashi. Ko a gidan biki, mace ta yi suɓul da baka sai ka ga an zubar da kwano an nufi ƙofa. Mutanen da za su cika filinka rabinsu an taɓa kora su daga gidajensu da wannan kalmar, ƙafarsu tana jin ta kafin kunnensu.

Kai kuma ka ɗauko ta za ka sa a lasifika sau ashirin da huɗu, sannan ka rufe ƙofa.

Ka buɗe ƙofar baya, Halilu. Ka cire shingen da ka matse ta gaba da shi. Ka hana Abdulrashid faɗin kalmar, ko da zai zama ba a yi sanarwar ba gaba ɗaya. Ka je ka gaya wa Alhajinka tsohuwa ce ta yi rubutun banza, ka ɗora mini, ba komai.

Na san kana da hankali, da ka karanta za ka gyara. Ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba. In na ji shiru na san an yi. Yaran za su taso ranar Talata da sassafe.

Saude

*

Kaura Namoda,
Lahadi, 10 ga Rabi'ul Awwal

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Kwana shida ban ga amsarki ba. Yari ma ban sa shi a ido ba, a tasha an ce ya samu lodi zuwa Shinkafi tun ranar Laraba, aka rufe hanya yana can. Wannan takardar wani mai goro zan ba, ya ce zai shigo Zurmi gobe ko jibi.

Shirun naki na ɗauke shi a kan cewa abin da na yi ya yi miki. Komai yana nan yadda na faɗa miki, ƙofar baya a kulle. Jiya muka yi gwaji, Abdulrashid ya gwada muryarsa a lasifika ba kowa a filin sai mu. Da ya ce "Ga su nan!" wata mai sayar da awara a bakin titi ta kifar da kaskonta ta ruga. Muka yi ta dariya, har na biya ta kuɗin man. Mutanen garin nan sun cika tsoro, Gwaggo.

Ana sa ran mutum ya fi dubu uku. Ki ce wa Muhsina su ne na goma sha bakwai a layi.

Halilu

*

Zurmi,
Talata, 12 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

Halilu,

Mai goro ya kawo takardarka yanzun nan. Motar yaran ta tashi tun bayan asuba.

Ashe tawa ba ta same ka ba. Ashe tana Shinkafi a cikin motar Yari, ni kuma ina nan ina jin daɗin shirunka. Ko Muhsina ban gaya mata komai ba, don kada in tsorata ta a banza tunda na ɗauka an gyara. Igiya kawai na ba ta, doguwa, na ce kowace yarinya ta riƙe kada ta saki.

Na je tasha da sandata. Ba motar Kaura sai ta azahar. Na roƙi wani ya kai ni ko nawa ne, ya ce ko ya tashi yanzu, kafin ya wuce shingayen hanya an gama. Na ɗaga waya na danna lambar da ka rubuto a bayan takardarka ta farko, alhali na san ba sabis. Na danna ta ya fi sau goma.

Mai awara ta faɗa maka gaskiya da kaskonta, ka yi dariya.

Ban san dalilin da ya sa nake rubuta wannan ba, ba mai kai ta. Uwayen yaran suna wucewa ta ƙofar gida suna yi mini barka da Maulidi, ina amsawa. Uwar Ilham ta kawo mini waina, ta ce 'yarta ba ta yi barci ba don ɗoki. Na karɓa na yi godiya. Tsoro nake ji, Halilu, irin wanda ban ji ba ko a ƙarƙashin ƙafafun mutane a Shinkafi.

*

Kaura Namoda,
Talata, 12 ga Rabi'ul Awwal, bayan la'asar

Gwaggo,

Kafin gaisuwa: duk suna raye. Talatin da takwas, da Muhsina. Na ƙirga su sau uku. Muhsina za ta miƙa miki wannan takardar gobe, yau za su kwana gidan yayata don yamma ta yi. Yanzu ina gaishe ki, kuma ina neman gafararki.

Takardarki ta ranar Laraba ta same ni yau da ƙarfe goma da rabi. Ina tsaye a ƙofar gaba, fili ya cika har ba wurin sa ƙafa, ana jin mandiri daga kan titi, sai ga Yari ya kutso yana gumi. Ya ce, "Jiya da marece anka buɗe hanya. Ga saƙon Gwaggonka, kwana shidda shina cikin mota." Na so in sa a aljihu sai an watse. Allah ne ya sa na buɗe.

A tsaye na karanta. Da na zo kan Lauratu sai na ɗaga kai na dubi filin, na ga abin da na gina da hannuna. Mutum dubu uku, katanga da waya, ƙofa ɗaya mai cin mutum biyu.

Na fara da Abdulrashid. Ya riga ya kai abin magana bakinsa, jirgin yara ya shigo, makaranta ta farko tana bayansa. Na fizge. Na ce kada ya kuskura, ya faɗi sunan makaranta kawai. Ya dube ni kamar na zare, amma ya bi.

Na ruga rumfar manyan baƙi wurin Alhaji, na durƙusa na ce ya ba ni makulli. Ya ce, "Kai ba kai kac ce a ruhe ba? Yanzu kuma mi?" Na ce kuskure na yi, ba wanda ke zuwa. Ya ce, "Majiyar taka da ba ta ƙarya fa? In wani abu ya shigo ta dawar can, wa za a tambaya, ni ko kai? Tashi ka ba ni wuri." Ban ga laifinsa ba, ni na cusa masa tsoron.

Na aika 'yan agaji shida su janye shingen ƙofar gaba, amma makarantu na cikin shigowa, ba a iya motsa shi sai kaɗan kaɗan. Ni kuma na wuce wurin makanikin jirgi na ɗauki guduma. Ratsa filin nan zuwa ƙofar baya ya ci mini lokacin da ban san iyakarsa ba. Ina jin Abdulrashid yana ƙirga makarantu, ta goma sha biyu, ta goma sha huɗu. Ina isa ya kira sunan taku.

Na ɗaga guduma ke nan sai wata mata da ta hau benci ta hango 'yarta a layi. Ba mai lasifika ba ce, Gwaggo, uwa ce kawai tana murna. Ta ce, "Ga su nan! Ga su nan!"

Ban taɓa jin irin wannan ƙarar ba. Ba ihu ne ya fara ba, takalma ne. Rabin jama'a suka nufi ƙofar gaba suka tarar da ita a cushe, suka juyo, duka filin ya taho kaina. Na bugi kwaɗon, bai ji ba. Na sake. Kwaɗon da ni na zaɓo shi a kasuwa, na ce a ba ni wanda ya fi kowane ƙarfi. Na farkonsu sun riga sun danne ni da ƙofar, hannuna ba ya samun wurin ɗagawa. Wani dattijo da ban san shi ba ya juya ya ba su baya, ya tokare ƙafa, ya ce, "Buga, yaro!" A bugu na biyar ya karye.

Ƙofa ta wangale, jama'a suka zube cikin dawa kamar an fasa randa. Ni ƙofar ta make ni da katanga, haƙarƙarina biyu sun tsage, amma ina numfashi.

Sauran Muhsina ce ta ba ni labari. Suna tsakiyar hanya, tsakanin shinge biyu. Da ta ji kalmar ta ce ta san abin da zai biyo baya, don ita ta yi jinyarki. Ta ja igiyar ta manna yaran jikin jirgin da ya tsaya, ta ce kowa ta zauna ta riƙe, kada wadda ta daina ƙasida. Suna kuka suna yi. Abdulrashid ya hango su, ya miƙa abin magana saitinsu, sannan ya riƙa cewa, "Ɗiyanku ne, jama'a! Ba kowa, ɗiyanku ne ka karatu!" Waɗanda ke baya suka ji muryar yara a lasifika suka fara tsayawa.

Mutum tara suka ji rauni, wata tsohuwa ta karye a hannu. Ilham ce kaɗai igiya ta suɓuce mata, taro ya tafi da ita ta ƙofar baya. Mun yi kusan awa muna kiranta a cikin dawa kafin a same ta a zaune, takalmi ɗaya, ta gurɗe a ƙafa. Da ƙofar nan ba ta buɗe ba, ban san inda za mu same ta ba.

Alhaji ya ce in ajiye usur da rigar aiki. Na ajiye. Na tayar da hankalin gari da labarin da babu shi, na fasa masa kwaɗo, an tattake gonar maƙwabci. Ban faɗi sunanki ba, don ba ke kika rufe ƙofar ba. Na je neman mai awara in ba ta haƙuri, ba ta fito yau ba.

Ɗanki,
Halilu

*

Zurmi,
Alhamis, 14 ga Rabi'ul Awwal

Ɗana Halilu,

Mun yini lafiya. Yaya haƙarƙarin? Ka ɗaure shi da zane, kada ka yi dariya da ƙarfi, dama ba ka da abin dariya yanzu. Ilham tana takawa. Na haɗa maka da takardar da na rubuta ranar Talata, ka karanta ka san abin da ka sa ni, sannan ka yaga. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini rabin layin da na rubuta.

Labarin ya riga motar isowa. Ranar Talata da yamma wani ya shigo da cewa an yi turmutsitsi a Kaura, bai san ko an mutu ba. Jiya tun da gari ya waye uwayen suka taru a ƙofar gidana, su talatin da wani abu. Ba wadda ta zage ni. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka zauna muna kallon kwanar hanya har rana ta take.

Ni na fara hango motar. Na ga farin hijabi a tagogi, na ga Muhsina a gaba ta fito da hannu. Na miƙe ba sanda. Kalmar ta taho mini har baki, na danne ta da gyale, don shekara biyu ke nan ban bar ta ta fita ba. Sai uwar Ilham ta kama hannuna, idonta a rufe, ta kasa dubawa. Ta ce, "Malama, mi kika gani?"

Na sunkuya saitin kunnenta na faɗa mata a hankali. Na ce, "Ga su nan."

Ta kusa da ita ta ji, ta faɗa wa ta gaba, a hankali ita ma. Haka ta zagaye mu duka. Ba wadda ta gudu, Halilu.

In ka warke ka zo Zurmi. Makarantata tana da ƙofa ɗaya, ina so ka duba mini inda za a fasa ta biyu.

Gwaggonka,
Saude